Mpape Ba Ta Zo Abuja Ba, Abuja Ce Ta Zo Ta Same Ta



Duk sanda aka tayar da maganar rusau, sai ka ji masu manyan riguna suna kiran Mpape unguwar 'yan kama-wuri-zauna. To bari mu tambaye su: tsakanin Mpape da Abuja, wa ya riga wani?

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa Abuja, ba a kuma tare ba sai ranar 12 ga Disamban 1991. Tun kafin nan Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, suna zaune a kan waɗannan duwatsu da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Su suka karɓe mu, Hausa da Ibo da Yarbawa da Tibi, har ƙauye ya zama gari.

Me ya kawo mutane? Dutse. Ku dubi sunayen unguwanninmu kawai: Berger Quarry, Arab Road, Crushed Rock. Sunayen wuraren fasa dutse ne da kamfanonin gine-gine. Daga nan aka yi ta lodin tsakuwa ana gina tituna da gidajen birni, mu kuma aka bar mu da ƙura, da tsagaggen bango, da ƙatuwar rijiyar dutse da 'yan gayu ke zuwa ɗaukar hoto a bakinta. A Satumban 2018 ƙasa ta motsa a nan har mutane suka fice daga gidajensu, sannan ne hukuma ta tuna da dakatar da fasa dutse.

Babban titin Kubwa ne ya raba mu da Maitama, daga kan tudu fitilunsu muke hange. Amma a takarda muna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bwari, can da nisa. Direba da mai gadi da mai girki da ke aiki a Maitama, a nan suke kwana. Da safe ana son su, da dare a ce gidansu haramtacce ne. Ranar zaɓe kuwa, ikon Allah, ba mai cewa ƙuri'ar Mpape haramtacciya ce.

Masu cewa gine-gine sun cakuɗe, wasu ma a kan magudanar ruwa, ba ƙarya suka yi ba. Amma wa ya fitar da tsari muka ƙi bi? A 2012, zamanin minista Bala Muhammad, aka sa Mpape cikin jerin garuruwan da za a rushe. Jama'a suka tafi kotu, Femi Falana ya tsaya musu, a Fabrairun 2017 babbar kotun Abuja ta taka wa shirin birki.

Abin da muke nema a fili yake: a auna garin, a ba masu gidaje takardu, a kawo ruwan famfo, a faɗaɗa hanyar nan da ke shaƙe mu safe da yamma. Inda dole a rushe, a yi sanarwa, a biya diyya. Kowa ya adana takardar cinikin filinsa da rasit, za mu buƙace su a zama mai zuwa.

Sakataren ƙungiya