Bayan Sallama Daga Asibiti, Wa Ke Kula Da Mai Ciwon Zuciya A Bakin Iyaka?

Idan dai ba a manta ba, Nijeriya ta rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ba a kuma buɗe ba sai a Maris na 2024. A lokacin, asarar kaya a Illela da Jibiya aka fi magana a kai. Ba a cika tuna mutanen Ƙonni da Maraɗi da kan tsallako Sakkwato, Katsina ko Kano ganin likita ba, cikinsu har da masu ciwon zuciya da aka ceto a ɗakin gaggawa, aka ce su riƙa dawowa ana duba su.

Ko iyaka na buɗe, wahalar irin wannan majinyaci ba ta ƙarewa ranar sallama. A 2008 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta nuna cewa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na waɗanda suka yi bugun zuciya kan faɗa ciwon damuwa mai tsanani, ta kuma shawarci likitoci su riƙa bincikarsa. Dalili kuwa, mai damuwa ya fi saurin barin magani da ƙin komawa asibiti, abin da ke ƙara haɗarin ciwon ya dawo.

Ga ɗan kasuwa abin ya fi nauyi. Rumfa a kulle, jari ya tafi a kuɗin gado, masu bin bashi na sallama a ƙofa, maganin hawan jini kuma kullum ne, ga canjin naira da sefa. Da dare ba barci, ƙirji na ɗan motsawa sai ya ɗauka ajali ne. Mu kuwa dubiyarmu ta mako guda ce: mu cika zaure, mu ce Allah Ya sawwaƙe, mu watse daidai lokacin da kaɗaici ke farawa.

Don haka muna ganin ya kamata shugabannin kasuwanni su ware wani abu daga adashi domin kuɗin magani na watannin farko, a samu amintacce ya riƙe rumfa, wani kuma ya yi rakiya ranar ganin likita. Iyali su lura: yawan shiru, rashin barci da ƙin abinci ba raki ba ne, a gaya wa likita. In ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ya dawo, a nufi asibiti mafi kusa, kada a tsaya jiran tsallaka iyaka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.