Wasiƙa ga Masu Buga Ces: Ku Tsayar da Bidiyon Kafin Gwani Ya Taka

Zuwa ga ƙannena da abokan wasana masu buga ces, na kan allo da na cikin waya,



Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke buga wannan wasa, ita ce dalilin wannan takarda. Kai hari dai kun iya shi, ba na musu. Kun san raunin da ke gidan f7 kafin sarki ya ɓuya, kun san yadda doki ke tsalle ya ritsa sarki da sarauniya lokaci guda, wasunku ma sun haddace tarkunan farkon wasa kamar karatun allo. Matsala tana zuwa ne ranar da kuka gamu da wanda ya ƙi faɗawa. Ya fito da kayansa a natse, ya kai sarkinsa kusurwa, ya zuba muku ido. Babu abin ci, babu cek, babu barazana. A nan ne hannu yake fara ƙaiƙayi: a tura sojan da ke tsaron sarki babu dalili, ko a ba da doki a banza da fatan abokin karawa zai ruɗe. Wasannin da na ga sun lalace ta haka sun fi waɗanda na ga tarko ya cinye yawa.

Sanin abin da za a yi idan allo ya yi tsit ilimi ne mai zaman kansa. A da sai a bakin malami ake samunsa, ko a littattafan da ba sa isowa kasuwanninmu, mu kuwa ba mu da giranmasta a unguwa. Yau wayar da ke aljihunku ta kawo muku shi har ɗaki, ba a neman komai sai kuɗin data. Masu koyarwa a YouTube suna da yawa, amma wanda nake so ku zauna gabansa da gaske shi ne Daniel Naroditsky, Ba'amurke haifaffen Kalifoniya. Ya ci gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 12 a 2007, ya zama giranmasta a 2013. A 2010, yana ɗan shekara 14, ya fitar da littafinsa na farko, Mastering Positional Chess, a kan ainihin fannin da nake muku magana. Mutumin da duniya ta sani daga baya da saurin hannu a wasan minti ɗaya, da wasan haƙuri ya fara. Ya rasu a watan Oktoba na 2025 yana da shekara 29, rashin da ya taɓa duk mai ƙaunar wasan nan. Bidiyoyinsa suna nan jingim.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne jerin wasannin da yake buɗe sabon asusu a Chess.com da maki kaɗan, ya riƙa karawa da mutane irinmu yana hawa mataki-mataki. Yana faɗin abin da ke ransa kafin ya taka, in an gama kuma ya koma kan wasan ya warware shi dalla-dalla. Darajar wannan tsari ita ce abokin karawarsa yana yin kurakuranmu. Idan gwanaye biyu suka haɗu, kowa yana kauce wa rami tun daga nesa, mai koyo ba ya ma ganin akwai rami a wurin. A waɗannan bidiyoyi kuwa za ku ga mutum ya tura sojan da ku ma kuke turawa, sannan ku ga abin da gwani yake yi da ɓarakar da aka bari. Sau da yawa ba ya gaggawar hukunta shi. Yakan gyara zaman kayansa tukuna, ya bar raunin yana nan, don ya san ba inda zai je.

In kun saurara da kyau za ku ga tunaninsa a wuraren shiru yana zagaye tambayoyi kaɗan ne. Babbarsu ita ce: me wancan yake nufin yi? Yawancinmu da shirinmu kawai muke zuwa kan allo, sai ka ce mu kaɗai muke takawa. Aron Nimzowitsch ya mai da riga-kafi ginshiƙi a littafinsa My System da ya fara fitowa a 1925, Tigran Petrosian kuma, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1963 zuwa 1969, ya kai abin matuƙa har yana toshe harin da abokin karawarsa bai riga ya yi tunaninsa ba. Bayan wannan sai a duba gida: a cikin kayana wane ne ya fi zaman banza, ina ne kuma zai fi amfani? Idan doki yana buƙatar taku uku kafin ya isa gidan da babu sojan da zai kore shi, a ba shi ukun.

Sai maganar sojoji, wadda nake roƙon ku ku ba ta kulawa ta musamman. Soja ba ya komawa baya. Duk takun da ya yi gaba ya saki gidajen da yake tsaro har ƙarshen wasa. Ku ɗauki misali daga buɗin Sisiliya: idan Baƙi ya kai soja e5 alhali sojansa na layin c ya riga ya bar allo, na d kuma yana d6, to gidan d5 ba shi da sauran sojan da zai tsare shi. Fari mai hankali sai ya kai bishof g5, ya ba da shi a kan dokin f6 mai gadin wurin, sannan ya dasa nasa dokin a d5. Wanda bai sani ba zai ce musaya ce kawai, bishof da doki, uku da uku. Ba a ci kowa riba ba a lissafi. Amma dokin nan da ya zauna a tsakiya zai hana Baƙi sakat har a tashi. A musaya, ku riƙa duban abin da ya saura a kan allo fiye da abin da ya sauka.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, kuma dominsa na fi rubuto wannan wasiƙa. Bayanin gwani yana da daɗi, yana shiga kunne sumul, har mai kallo ya ɗauka shi ma da haka zai taka. Gani ba ci ba ne. Mutum zai kalli bidiyo goma yana kishingiɗe, yana gyaɗa kai, ya buɗe nasa wasan ya tura sojan g kamar yadda ya saba. Dalilin shi ne an ba shi amsa kafin tambayar ta dame shi.

Saboda haka ku sauya yadda kuke kallo. Ku ajiye allo na gaske a gabanku, ko da na kwali ne, ku jera kayan kamar yadda suke a bidiyon. Da zarar an fita daga buɗi, abokin karawarsa ya taka, ku tsayar da bidiyon kafin Naroditsky ya buɗe baki. Ku yi tunani na minti biyu ko uku. Ku rubuta takun da za ku yi a takarda, ku rubuta dalili a gefensa cikin jimla ɗaya, da Hausa, yadda za ku faɗa wa ƙaninku. Sannan ku saki bidiyon. Idan takunku ya zo daidai da nasa amma dalilin ya bambanta, ba ku ci ba tukuna. Idan takun ya bambanta amma kun hango raunin da ya hango, kuna kan hanya. Wuraren da ya ga abin da ko a mafarki bai zo muku ba, su ne karatun ranar, ku sa musu alama ku dawo kansu bayan kwana biyu. Bidiyon minti arba'in zai iya cin yammaci guda ta wannan hanya, kuma ɗaya a mako ya wadatar. Ga mai tattalin data ma gaba ta kai shi: ya sauke guda ɗaya, ya yi ta juya shi.

Ina kuma so ku haɗa kallon da wani tsohon wasa guda, ku buga shi da hannunku a kan allo: Anatoly Karpov da Wolfgang Unzicker, a gasar Olimfiyad da aka yi a birnin Nis na Faransa a 1974, shekara ɗaya kafin Karpov ya zama zakaran duniya. Buɗin Sifaniya ne. Karpov ya rufe tsakiya da soja a d5, ya kafa wani a b4, waɗannan biyun suka ƙwace wa dokin Baƙi duk gidajen da zai iya shiga, ya yi ta kai-kawo tsakanin d8 da b7. Layin a ne kawai a buɗe, ruk na fuskantar ruk, Unzicker yana jiran a yi musaya ya samu sarari. A taku na 24 sai Karpov ya ɗauki bishof ya ajiye shi a a7, cikin gidan abokin gaba, ba ya cin komai, ba ya yi wa kowa barazana. Aikinsa kawai ya toshe layin. Musaya ta gagara. A bayan bishof ɗin Karpov ya jera ruk biyu a natse, kuma shi kaɗai ke da ikon buɗe ƙofar ranar da ya ga dama, don haka dole kayan Baƙi su zauna gadi a wannan ɓangare. Da ya ɗaure su a can sai ya juya ɗaya gefen: soja f4, f5, sannan ɗayan bishof ɗin ya zagaya ta d1 zuwa h5 don ya yi musaya da bishof ɗin Baƙi da ke tsare fararen gidajen sarki. Unzicker ya miƙa wuya a taku na 44. Ku ƙirga kayan a ƙarshe, daidai suke: soja ɗai-ɗai da bishof ɗai-ɗai kawai suka bar allo a duk wasan. Unzicker kuwa ba ƙaramin ɗan wasa ba ne, ya daɗe yana cikin manyan gwanayen Jamus ta Yamma. Bayan kun buga wannan wasa sau da yawa, bayanin da kuke ji a bidiyo game da rauni biyu a ɓangarori biyu zai zauna muku daram.

Kada kuma wani ya fahimce ni a baibai ya koma yana jan ƙafa, yana kai sarki h1 yana dawo da shi, ya ce haƙuri yake yi. Ku dubi ɗan kokawa: kayarwa ba ta wuce ƙiftawar ido, amma duk tsawon lokacin da ake riƙe da juna yana gyara kamu ne, yana auna inda nauyin abokinsa ya karkata, kuma in dama ta zo ba ya jinkiri. Haka za ku ga Naroditsky yana yi. Bayan takun shiru goma, sai ya tsaya ya yi lissafi mai zurfi, ya buge. Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko tun 1886, wanda ya koyar da tara ƙananan riba, shi ne kuma ya koyar da cewa mai rinjaye wajibi ne ya kai hari, in ba haka ba rinjayen ya zube. Don haka warware matsalolin tarko na kullum ba ya faɗuwa a kanku. Wanda har yanzu yake barin doki a ci shi kyauta, wannan ne ciwonsa na farko, ya fara da bidiyoyin matakin ƙasa inda ake koyar da fito da kaya da kula da su. Kowa ya nemi wasannin da aka buga da masu maki kusa da nasa ko sama kaɗan.

Abin da kuka koya kuma ba zai tsiro a wasan minti ɗaya ko uku ba. Na san daɗinsa, na san yadda yake cinye dare. Amma tambayar me wancan yake nufi tana buƙatar lokaci kafin ta zama ɗabi'a. Ku buga na minti 15 mai ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku, ko wanda ya fi haka tsawo, a Lichess ko Chess.com ko a kan tabarma. Ku tsaya a buɗi ɗaya na 'yan watanni don tsarin sojoji iri ɗaya ya riƙa dawo muku. Wanda ya zaɓi tsarin Karlsbad, misali, zai koyi yadda Fari ke tura sojoji biyu su tunkari uku, b4 sannan b5, ba don ya ci komai ba sai don ya bar wa Baƙi raunannen soja a c6 da zai yi ta jinya har ƙarshen wasa. Shiri ɗaya irin wannan da kuka fahimta har ƙashi zai yi muku aiki shekaru.

In an gama wasa kada ku yi saurin kunna Stockfish. Injin zai faɗa muku takun da ya fi, ba zai faɗa muku abin da ya sa idonku bai kai wurin ba. Ku fara bin wasan da kanku, ku nemo wurin da kuka rasa abin yi, ku rubuta abin da kuke tunani a lokacin, sannan ku tambayi injin. In da abokin karawar yana kusa, ku riƙe shi ku mai da kayan ku bi wasan tare, shi ya faɗi abin da ya ji tsoro, ku ku faɗi naku. Masu haɗuwa a makaranta ko a majalisa su ware yini ɗaya a mako su sa waya guda a tsakiya, a tsayar da bidiyon, kowa ya faɗi takunsa da dalilinsa, ƙarami ya fara magana kafin babba don kada kwarjini ya rufe masa baki.

Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a lokacin da kuke bai wa wasan nan.

Wassalam,
ɗan'uwanku a kan allo.