Na'urar da muke kira ɓata lokaci za ta iya zama rumbun tarihinmu

A Malanville, yawancin iyaye ba su da kallon da suke yi wa PlayStation sai na abin da ke cinye kuɗin yara da lokacinsu wajen buga ƙwallo a allon talabijin. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai ni ra'ayina shi ne, tunda na'urar ta riga ta shigo gidajenmu da shagunanmu, hikima ita ce mu sa ta yi wa harshenmu da tarihinmu aiki.

Mu dubi halin da muke ciki. Ɗan Bahaushe a wannan gari yana karatu da Faransanci, yana jin Dandanci a titi da kasuwa, Hausa kuwa sai a tsakar gida. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, zirga-zirgar dangi ta yi wuya. Kaset-kaset na waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, suna lalacewa cikin zafi da ƙura. Faifan bikin aure da na saukar karatu suna karcewa a cikin akwati. Idan waɗannan suka tafi, muryoyin kakanni ne suka tafi.

To, ina na'urar wasa ta shigo? PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, tana kunna faifan DVD. PlayStation 3 ta 2006 ta fi ta: tana karanta filas, ko kile kamar yadda masu Faransanci ke cewa, tana nuna hoto da bidiyo, tana kuma iya kwafe waƙa daga faifan CD zuwa cikinta. PlayStation 4 ta 2013 ta sami manhajar kallon bidiyo da jin waƙa a 2015, sannan a 2017 aka ba ta damar karɓar had-dis na waje, daga gigabait 250 har terabait 8. Da zarar an ɗora abu a filas, ba a buƙatar intanet kafin a kalle shi, kuma duk wanda ya san tsadar data ya san darajar wannan.

Ke nan allon da yaro ke buga ƙwallo da rana zai iya tara iyali da dare su kalli damben gargajiya, ko kokawar takobin ƙasa ta Nijar, ko hirar da aka ɗauka da wani dattijo yana ba da labarin yadda iyayensa suka zo fatauci har suka zauna a bakin kogin Kwara. Yaron da ya fi kowa sanin maɓallan na'urar shi zai zama mai kula da rumbun, kuma wanda aka ba amana yakan so abin da aka ba shi.

Amma akwai hattara guda uku. Na farko, idan aka mayar da had-dis wurin ajiyar wasanni a PlayStation 4, na'urar za ta goge duk abin da ke cikinsa. Saboda haka a raba: na wasa daban, na tarihin gida daban, a rubuta suna a jikin kowanne. Na biyu, tsarin FAT32 da PlayStation 3 ke karantawa ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, don haka dogon bidiyon biki sai an yanka shi gida-gida. Na uku, kwafi ɗaya ba ajiya ba ne. Ɗaukewar wuta ko faɗuwa sau ɗaya na iya kashe had-dis. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a wani gidan dangi.

Wani zai ce ƙofar da alheri ke shigowa ita ce ɓarna ke bi. Gaskiya ne, filas ba ta zaɓen abin da aka zuba mata. Amma hana yaro na'urar a gida ba ya hana shi ganin ta a shago, inda babu idon uba. Gara uba ya zauna tare da ɗansa ya san abin da ke ciki. Haka nan hotunan matan gida da bidiyon biki amana ne, kada a bar su a na'urar shago inda kowa ke taɓawa. Fina-finan Kannywood kuma gumin wasu ne, a same su ta hanyar da masu su za su amfana.

Kirana ga dattawan zango da matasanmu shi ne a fara tun yanzu. A tattaro tsofaffin kaset da faifai, a nemi mai kwamfuta ya juye su, a ɗauki muryar tsofaffinmu tun suna raye. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gajar wa 'ya'yanmu abin da za su ji muryar gida a cikinsa.