Dubu takwas na "Ranar Faransanci", amma yarinya ba ta iya tambayar kuɗin tumatir ba

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, jiya kuma ya kai ni maƙura.

'Yata da ke aji biyar ta dawo da takarda daga makaranta. Wai za a yi "Ranar Faransanci", kowane yaro ya kawo naira dubu takwas: kuɗin riga, da wata 'yar hula irin ta mutanen Faris, da tutar takarda, da mai hoto. Na ce to madalla, tunda shekara biyu ke nan kina Faransanci, zo ki yi mini ciniki. Na ɗauko tumatir uku na ɗora a faranti, na ce tambaye ni nawa ne da Faransanci. Shiru. Na ce to faɗa mini sunanki da garinku. Ta ce "je m'appelle", ta faɗi sunan, daga nan mota ta mutu. Sai ta ruga ta ɗauko littafinta don ta kare kanta. Wallahi shafi bayan shafi cike da être da avoir, rubutu tsaf, malam ya sa mata goma bisa goma da jan biro.

Ban yi mata faɗa ba, don ba laifinta ba ne. Abin da aka ba ta shi ta haddace. Ni da kaina na koyar da Faransanci a firamare shekara tara a nan Katsina kafin in koma kasuwa, kuma shekara biyun farko haka na yi ta yi: in cika allo, su kwafa, in duba, a tashi. Na san wannan cutar daga ciki.

Da dare na kai ƙorafin majalisa, sai wani abokinmu ya ce: "Kai ma dai Malam, wane Faransanci kuma? Nijar ma ta kore su. A soke shi kawai a huta." Mutane suka yi ta gyaɗa kai. To wannan maganar ta fi dubu takwas ɗin ƙona mini rai, shi ya sa zan fara da ita.

Gaskiya ne bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojojin Faransa sun fice daga Nijar kafin ƙarshen shekarar. Gaskiya ne a Maris na 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na yi murna da wannan kamar kowane Bahaushe. Amma ku karanta maganar har ƙarshe mana: sun bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ka je Ɗan Isa yau ka ga da wane harshe aka rubuta takardar duwan. Ka je asibiti a Maraɗi ka ga da me aka rubuta maka magani. Mutanen da suka kori sojan ba su ƙone littattafansu ba, sai mu da ke gefe za mu fi su zafi?

Ƙasashe huɗu muke iyaka da su ta ƙasa: Nijar, Chadi, Kamaru da Benin. Duka huɗun da Faransanci ake aikin ofis a cikinsu. Daga nan Katsina, Maraɗi ta fi Kano kusa. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Yaron da ke aji biyar yau shi ne zai yi aiki a wannan hanyar gobe, ko direba, ko akawu, ko jami'in kwastan, ko ɗan kasuwa. Eh, da Hausa zai sayi goro a Maraɗi, babu musu. Amma ranar da aka miƙo masa takarda ya sa hannu, ko ya wuce Kwatano ko Yawunde, Hausar tasa da Ingilishin sai sun nemi tafinta, tafinta kuma ba kyauta yake yi ba. Haushin gwamnatin Faransa daban, harshen da maƙwabcinka ke rubuta rasit da shi daban. Mu da muka sha mulkin Ingila, da wane harshe muke rubuta jarrabawa?

Tun 1996 Janar Abacha ya ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu a Najeriya, aka kuma sa shi cikin manhajar firamare. Shekara nawa ke nan? Ku duba cikin 'yan uwanku da suka yi makaranta bayan nan, mutum nawa ne za su iya gaisawa ta minti ɗaya? To abokin nawa yana da gaskiya a wuri guda: abin da ake yi yanzu ɓata lokaci ne. Inda muka rabu shi ne magani. Shi ya ce a soke, ni na ce a koyar da shi yadda ake koyon harshe, da baki da kunne da hannu.

Bari in faɗi abin da na yi da na gaji da cika allo, don kada a ce surutu ne kawai.

Na farko kasuwa. Duk ranar Alhamis ajina ya koma kasuwa. Yara su zo da gwangwanin madara da aka shanye, kwalin ashana, kwalin sabulu, busasshen barkono, duk abin da za a zubar a gida. Mu yanka tsohon kwali mu yi kuɗin sefa. Rabin aji 'yan tireda, rabi masu saye. Jimla huɗu kacal na ba su a makon farko: bonjour, c'est combien, c'est trop cher, merci. Doka ɗaya ce, wanda ya yi ciniki da Hausa ko Ingilishi kayansa sun zama na mai unguwa, wato ni. Ku zo ku ga yadda yaran da ba sa buɗe baki suke ihun "trop cher!" don kada a cuce su. A nan suka koyi ƙirge ba tare da bulala ba. Ƙirgen Faransanci fa yana da mugun hali: saba'in shi ne sittin da goma, tamanin kuma ashirin sau huɗu, casa'in ashirin sau huɗu da goma. A allo wannan yana sa yaro kuka. A kasuwa, inda za a ci masa canji, kwana biyu ya kama. Daga baya na ƙara musu da lissafin mutanen Nijar, inda dala ɗaya take sefa biyar, wato dala ashirin ita ce cent francs. Malamin lissafi har godiya ya zo ya yi mini.

Na biyu wasan iyaka. Kowane yaro ya yi wa kansa katin shaida da kwali: nom, prénom, âge, ville. Mu jera benci biyu a tsakar aji, nan ne iyaka. Yara biyu su zama jandarma, sauran su bi layi. Ba ka wucewa sai ka amsa sunanka, shekarunka, inda ka fito da inda za ka. Kowa yana son ya zama jandarma, kuma ba ka samun muƙamin sai ka iya yin tambayoyin. Kun ga an koyi tambaya da amsa, ba wanda ya ji sunan nahawu.

Na uku, wanda na fi alfahari da shi, wasiƙa. Ina da ɗan uwa da ke koyarwa a wata lakwal a Maraɗi. Muka haɗa yaransa da nawa, kowa da abokinsa. Sau ɗaya a wata mu zuba wasiƙu a ambulan guda mu ba direba a tasha. Layi biyar ne kawai: sunana, gidanmu mu kaza ne, abincin da nake so, ranar kasuwarmu. Ranar da amsa ta farko ta iso ajin ya kusa tashi sama. Wani yaro ya ce Malam, abokina sunansa "O-us-mane", wane irin suna ne? Na ce sake dubawa. Sai ya yi tsalle: Usman ne! A ranar suka gane da kansu cewa "ou" shi ne "u" ɗinmu, "ch" kuma "sh", shi ya sa A'ishatu ta zama Aïchatou, Tawa ta zama Tahoua. Darasin da zan yi wata ina fama da shi, sunan aboki ya gama shi a minti goma. Suka kuma gane masu Faransancin nan ba wasu Turawa ba ne a nesa, su Hadiza ne da Sani da ke cin tuwo irin nasu, masu kiran malaminsu mushe, littafin rubutu kuma kaye.

Na huɗu bangon namiji da mace. A nan ɗan Bahaushe yana da gatan da ɗan Ingila ba shi da shi, amma ba a gaya masa. Mu a Hausa kowane abu ko "shi" ne ko "ita", haka ma Faransanci yake da le da la. Muka raba bango biyu, yara suna zana abu su liƙa inda ya dace. Mota mace ce a wurinmu, a wurinsu ma la voiture. Amma rana da muke ce wa ita, su le soleil suke cewa, wata kuma da muke ce wa shi, su la lune. Yara suka yi ta dariya wai Faransawa sun juya sama. Ba su sake mantawa ba. Haka tu da vous: na ce yadda ba ka ce wa kakanka "kai" sai "ku", to haka abin yake. Shi ke nan. To amma makarantun da ke cin tarar yaro idan ya yi Hausa, ta ina za su yi amfani da wannan? Suna bayyana baƙon harshe da wani baƙon harshen, sannan a yi mamaki yaro bai gane ba.

Na san abin da za a ce a ƙasan rubutun nan. Za a ce aji yara tamanin ne. Nawa ma sun haura sittin. Kasuwa ta fi daɗi da mutane da yawa, ka raba su rukuni-rukuni ka naɗa sarkin kasuwa a kowanne. Za a ce babu kayan aiki. Duk abin da na lissafa, kuɗinsa bai wuce na almakashi da gam da ɗan abin da za ka ba direba ba. Za a ce za a yi hayaniya. Ƙwarai kuwa, sau biyu shugaban makaranta ya leƙo yana tambaya ko faɗa ake yi. Ajin harshe da ka ji shi tsit, to kwafa ake yi.

Ƙorafin da na yarda da shi guda ne: malamai. Makarantu da yawa sukan ɗauko duk wanda ya taɓa cin Faransanci a sakandare su ce shi ne malami, a ba shi darasi ɗaya a mako, albashi kuma ba ya kai shi tsakiyar wata. Wanda bai iya magana ba dole ya ɓuya a bayan allo. Wannan laifin masu makaranta ne da hukuma, kuma a nan ya kamata kuɗinmu ya tafi. Ku lissafa dubu takwas sau yawan yaran makaranta ɗaya, ku gani ko ba zai riƙe ƙwararren malami na tsawon watanni ba. Ga masu digiri da NCE a Faransanci suna zaune ba aiki, ga 'yan uwanmu da suka yi karatu a Nijar cike da gari. An bar su, an sayi hula.

Iyaye, mu ma da namu. Mu ne muke son hoton da za mu ɗora a status, yaro sanye da tuta yana rera waƙar da bai san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba. Makaranta ta gane abin da ke faranta mana rai, shi take sayar mana. Yau da daddare ku gwada abin da na gwada. Ku ajiye littafin gefe, ku ce yaro ya gaishe ku, ya faɗi sunansa, ya tambayi kuɗin abu ɗaya. Idan ya kasa, kada ku dake shi. Ku riƙe tambayar ku kai ta taron iyaye da malamai.

Ni dai na rubuta wa makarantar cewa ba zan biya kuɗin hula ba, amma a shirye nake in zo duk Alhamis na zango guda in yi wa aji biyar kasuwa kyauta, malaminsu yana gani. Ina jiran amsa. 'Yar tawa kuwa tun jiya take fushi da ni saboda ƙawayenta za su sa hula ita babu, kuma ban ga laifinta ba. Amma da safen nan, kafin ta fita, ta ɗaga biredin da ke kan tebur ta ce "c'est combien?" Na ce mille francs. Ta harare ni ta ce "trop cher."

Duk malamin da ke son jerin jimlolin kasuwar da na wasan iyaka ya yi mini magana ta akwati, zan turo. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani.