Ku Daina Sayen Suna: Magana Ga Matasanmu Masu Haɗa Kwamfuta Da Masu Sayar Musu Da Kaya



Matasanmu sun fara haɗa kwamfutar tebur da hannunsu, kuma abin a yaba ne. Wani zai buɗe shagon buga takardu da cike fom, wani zai koyi zanen fosta, wani ɗalibi ne a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere. Amma kuɗin da ake zubawa a wannan harka ba na banza ba ne. Wani uba ne ya sayar da buhunan wake, wata uwa ce ta kwashe adashi. Shi ya sa ba zan yi shiru ba a kan yadda ake zaɓen kayan, domin ana cutar yaran nan, su ma suna cutar kansu.

Cuta ta farko ita ce sunan "i7". Yaro ya shiga shago, abin da ke bakinsa ke nan, mai shago kuma ya san haka. Sai a ɗauko masa i7-2600, a ce ga babbar furosesa. Ba a gaya masa cewa ta fito tun 2011 ba. Ita kuwa i3-12100 da yake rainawa, wadda ta fito a 2022, ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Sirrin yana cikin lambar da ke bin sunan: 2600 zubi na 2 ne, 8400 zubi na 8, 12100 zubi na 12. Wanda ya sayar maka da "i7" bai faɗi zubinta ba, kamar wanda ya sayar maka da "Toyota" ne ya ɓoye shekarar ƙira.

Kuma maganar ta wuce sauri. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Duk wanda ya gina sabuwar kwamfuta a kan zubi na 2 ko na 4 yau, ya yi gini ne a filin da aka riga aka shafa wa jan fenti.

Na san amsar masu shago. Za su ce abin da aljihun yaro ya iya ke nan, da babu gara ba daɗi. Na yarda, tsohon kaya ba haramun ba ne, kuma ba duk 'yan kasuwa ke ha'inci ba. To, a faɗa masa shekarun kayan, a yi masa farashin tsoho, ya saya da idonsa a buɗe. Ɓoye aibin haja ba dabarar kasuwa ba ce, kowa ya san hukuncinsa a addini.

Cuta ta biyu kuwa yaran ne ke yi wa kansu. Sai su kwafi jerin kaya daga bidiyon wani Bature a YouTube, mutumin da wutar gidansa ba ta ƙiftawa, ɗakinsa kuma da na'urar sanyaya iska. Su zuba kuɗi a akwati mai gilashi da fitilu masu canza launi, idan aka zo kan akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, sai a ce a ba su mafi araha. Alhali shi ne ke karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da sauran kayan ke sha. Idan na bogi ne, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ba shi kaɗai zai tafi ba, yana iya jan madabod da ma'ajiyar bayanai su tafi tare. Araha ba ta ado. Ku nemi na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus, ku ɗaga shi ku ji nauyinsa. Wanda aka rubuta wa wat 500 amma ya yi sakayau a hannu, ku ajiye musu abinsu.

A Gombe muke. Ba mu manta da watan Afrilun 2024 ba, lokacin da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, muka kwashe makonni cikin duhu. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Saboda haka kuɗin UPS da sitabilaiza suna cikin kuɗin kwamfuta, ba abin da za a saya "daga baya" ba ne. Kuma kafin ka sayi katin hoto irin RTX 3060, ka sani shi kaɗai yana shan wat 170, yayin da i3-12100 aka yi mata kiyasin wat 60. Solarka ko janaretanka za su ɗauka? Idan aikinka Word da Excel da CorelDraw ne, furosesa mai hoto a cikinta, kamar Ryzen 5 5600G, ta ishe ka. Sai dai ka kula: furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta nuna hoto sai an sa mata kati. Ana sayar da ita da ɗan sauƙi, yaro ya yi murna, ya haɗa, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Ga kuma zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu. Akwati mai gaban raga da matatar ƙura da fanka biyu masu kyau ya fi mai gilashi amfani a Bolari ko Pantami, ko da bai yi kyau a hoto ba.

Don haka ga tsarin da nake kira a bi. Ka fara rubuta aikin da za ka yi da ita. Ka ware kuɗin wuta tukuna. Sannan ka zaɓi furosesa da madabod tare, domin ba kowace ke zama a kan kowanne ba: Intel zubi na 12 zuwa 14 mazauninsu LGA1700, Ryzen 5600G mazauninta AM4. RAM ɗin DDR4 ba ya shiga ramin DDR5, kada wani ya ce maka a danna. Ka sa Windows a kan SSD, ko na giga 256 ne, ka bar tsohon faifai mai juyi don ajiya. Fitilu su zo ƙarshe, in kuɗi ya rage.

In kuma daga Beirut Road ta Kano ko Computer Village ta Ikeja za a turo maka kaya, a rubuta cikakkiyar lambar kowane abu a rasit, da sharaɗin mayarwa idan bai yi aiki ba. Wanda ya ƙi rubutawa, ya gaya maka ko shi waye.

Iyaye, kafin ku ba da kuɗi ku tambayi yaro abu biyu: zubi na nawa ce, kuma me zai kare ta idan wuta ta yi wasa? In ya kasa amsawa, ku riƙe kuɗinku har ya je ya koyo.

Allah ya yi wa nemanmu albarka, ya tsare mu daga cuta da cutarwa.

Sakataren Ƙungiya