KANTAR LITTATTAFAI A KAN GADO

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in yi magana a kan wata sana'a da ake rainawa, watau tattara ƙyallayen da tela ya zubar a haɗa bargo da su. A ganina ya kamata a riƙa koyar da ita a makarantunmu, kuma kowace ɗaliba ta bar makaranta da bargo guda na ɗinkin hannunta, wanda aka tsara shi da siffar kantar littattafai. Na san wasu za su yi dariya su ce yarinyar nan ta rasa abin rubutawa. To, a yi mini haƙuri a ji dalilaina tukuna.

Da farko bari in bayyana yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Idan aka shimfiɗa bargon a kan gado, sai ka ga kamar kanta ce mai hawa biyar, an jera littattafai a tsaye, wani dogo, wani gajere, wani mai kauri, wani siriri. Kowane littafi kuwa ƙyalle ne na atamfa ko shadda ko yadi. Mu takwas a ɗakin kwananmu muka haɗa kai muna ɗinka guda ɗaya tun zangon karatun da ya wuce. Ƙyallayen na roƙo su ne daga telolin garinmu Wurno lokacin hutu, wasu kuma ƙawayena suka zo da su daga Birnin Kudu da Gwaram. Ba mu sayi kome ba sai zare da allura da yadin shafi.

Ga yadda lissafinsa yake. Bargon gadon mutum ɗaya yana da faɗin inci 60 da tsawon inci 80. Za a yi hawa 5, kowane mai tsayin inci 12, ya zama 60 ke nan. A tsakaninsu da sama da ƙasa a sa layi 6 na ƙyalle mai launin ƙasa, kowane inci 2, su ne katakan kanta, ya zama 72. Sai baki na inci 4 sama da ƙasa ya cika 80. Ta wajen faɗi kuma, idan aka cire baki na inci 4 da katako na inci 2 a kowane gefe, saura inci 48. In kowane littafi ya ci inci 2, hawa ɗaya zai ɗauki littafi 24, bargon duka ya ɗauki 120. Tsayin littattafan kada ya zama ɗaya. A yanka wani inci 7, wani 9, wani 11, sa'an nan a ɗinka baƙin ƙyalle a kansa ya cike 12, shi ne duhun cikin kanta. Kowane ƙyalle a ƙara masa rabin inci wajen yanka saboda abin da ɗinki zai ci. In an manta da wannan, layukan ba za su haɗu ba. A kuma wanke ƙyallayen tun kafin a yanka, don mai zuba ya zuba, mai tsukewa ya tsuke. Bayan an gama fuskar, sai a shimfiɗa tsohon zane biyu ko auduga a tsakiya, a sa shafi a ƙasa, a bi da allura layi layi a kama su gaba ɗaya. Daga nan sai surfanin sunayen littattafai a jikin ƙyallayen.

Muna da doka biyu. Ta farko, ba a ɗinka sunan littafi sai wadda za ta ɗinka ta karanta shi daga bango zuwa bango, ta kuma ba sauran labarinsa. Ta biyu, ba a sa sunan Alƙur'ani ko wani suna da ke da sunan Allah a ciki, don bargo abu ne da ake zama a kansa, ana kuma kai shi wanki.

Yanzu sai in koma ga masu suka. Na farkonsu su ne masu cewa maho alamar talauci ne, abin kunya ne a ga 'yar mutunci ta rufa da tsumma. Waɗannan ina roƙonsu su duba tarihinmu.  Masaƙi yakan saƙa zane siriri ne, sai a jera a ɗinke, a sami gwado ko luru ko babbar riga. Ashe ke nan haɗa ƙanana a sami babba shi ne asalin suturarmu. Haka kuma duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ga 'yan lifida. Lifidi kuwa ba kome ba ne illa zane biyu da aka cusa wa audugar rimi aka bi da ɗinki, daidai yadda muke yi wa bargonmu. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Abin da ya tsare kibiya a fagen fama ba zai kasa tsare ɗarin hunturu ba.

A wasu ƙasashe ma haka abin yake. Mabiyan Mahadi na Sudan, waɗanda suka ci birnin Hartum a 1885, jibba mai maho suke sawa da gangan, don nuna ba su damu da ƙawar duniya ba. A Senegal har gobe almajiran Shehu Ibra Fall suna sa riguna na haɗe-haɗen ƙyallaye masu launi iri iri. A Amurka kuma akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, inda mata baƙar fata, jikokin bayi, suka daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin tufafin aiki saboda sanyi da rashi. A 2002 aka baje bargunansu a manyan gidajen nuna kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan sarki na gidan waya. Su nasu tsumman ya kai su ga ɗaukaka, mu kuwa namu muna ƙona shi a bola.

Masu suka na biyu su ne masu cewa ɓata lokaci ne, ga jarrabawar WAEC da NECO a gabanmu. Gaskiya ne jarrabawa ba abin wasa ba ce. Amma mu ba mu taɓa ɗaukar allura a lokacin darasi ko lokacin bitar dare ba, sai ranar Asabar da yamma, lokacin da a da muke ɓatawa wajen hira da gulma. Ban da haka, wanda ya duba lissafin da na kawo a sama ya san aikin ba na hannu kaɗai ba ne. Awo da rabawa da neman faɗin fili, waɗanda muke wahalar haddacewa a allo, ga su nan a zahiri, kuma in ka yi kuskure bargon da kansa zai tona maka asiri. Tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 an kawo shi ne musamman don ɗalibi ya fita da sana'a a hannunsa. To, ina sana'ar? Da yawa daga cikin yayyenmu sun gama makaranta suna zaune, takarda a akwati, maɓalli in ya tsinke sai an kai wa tela. Hausawa sun ce sana'a sa'a, sun kuma ce zaman banza aikin kishiya ya fi shi.

'Yan'uwanmu maza kada su ce wannan magana ta mata ce. Yawancin telolin kasuwa maza ne, masu aikin babbar riga maza ne, masu ɗinka lifidi ma maza ne. Allura ba ta san namiji ko mace ba.

Akwai kuma maganar tattali. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe tun 2002, wasu masaƙu da dama a Kaduna da Kano suka bi bayanta. Yanzu mafi yawan yadin da ke Kantin Kwari daga ƙasashen waje ake kawo shi, musamman Sin. Bargon da talaka ke rufa da shi kuwa sau da yawa gwanjo ne, wanda wani ya gama mora a wata ƙasa aka ɗauro mana a dila. Watau mun sayi yadi da tsada, mun zubar da ragowarsa, sa'an nan mu sake fitar da kuɗi mu sayi tsohon bargon wani. In wannan ba asara ba ce, ban san mece ce asara ba. A makon salla kaɗai, ƙyallen da shagon tela ɗaya yake sharewa ya isa a fara bargo. Da yayyafi kogi kan cika.

Masu suka na uku su ne suka fi ƙarfin hujja. Sun ce hoton littafi ai ba littafi ba ne, kamar yadda hoton tuwo ba ya maganin yunwa. Na yarda da su. Amma ina so su tuna da zane-zanen da ke duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe. Mutanen da can da suka zauna wurin shanu suka fi zanawa, kuma a ganina sun yi haka ne don shanu su ne abin da suka fi daraja. Mutum abin da yake ƙauna shi yake zanawa, kuma abin da ido ya saba gani shi zuciya take nema. Ga shi kuma dokarmu ta ce ba a ɗinka suna sai an karanta. Saboda wannan doka 'yan ɗakinmu suka shiga farautar littattafai. Mun karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda duk suka fito daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933. Mun karanta Magana Jari Ce, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed wanda aka buga a 1980. Wasu mun same su a laburare, wasu sai da muka aro daga malamai, wani ma rabin shafukansa ya ɓace sai da muka nemo wani kwafi. Daga cikin gurbi 120, yanzu 31 kaɗai ke da suna. Sauran 89 ɗin suna nan fayau, kullum suna kallonmu suna tuna mana bashin da ke kanmu.

A nan ne nake so in yi magana da iyayenmu mata, cikin ladabi da biyayya. Tun 'yarku tana ƙarama kuke tara mata kayan ɗaki. A da jeren kwalla ne da tasoshi, yanzu kuma kabet ne cike da kwanoni da kuloli, wasu ma har a tsufa ba a taɓa zuba abinci a cikinsu ba. Ana cin bashi, ana sayar da akuya da hatsi saboda su. Amma ku duba ɗakunan amaren da kuka sani, nawa ne ke da kanta ko da ƙarama ta littattafai? Yarinya ta yi shekara 12 tana karatu, ranar da aka kai ta ɗaki sai littattafanta su zama abin ƙunshe ƙosai. Bayan 'yan shekaru ko wasiƙa sai ta yi da ƙyar. Ba haka magabatanmu suka yi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, tana da aure da 'ya'ya, amma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, tana aika jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Aure bai raba ta da takarda ba.

Saboda haka nake cewa bargon nan wasiƙa ce daga gare mu zuwa gare ku. In kun gan shi a kan gadon 'yarku, ku san tana roƙon abu biyu ne. Na ɗaya, a bar ta ta gama karatunta. Na biyu, in lokacin aure ya yi, a rage kwano goma a saya mata littafi goma, a sa kafinta ya buga mata kanta ta gaskiya. Uwa mai karatu ita ce makarantar farko ta 'ya'yanta, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumar makaranta da ta keɓe mana yammacin Asabar guda don sana'ar hannu, ta kuma gyara kekunan ɗinkin da suke ajiye. Ina kira ga ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai su taimaka wa laburarenmu da littattafan Hausa da na Turanci, ko da tsofaffi ne. Ina roƙon telolinmu su riƙa tara mana ƙyallaye a buhu maimakon ƙonawa. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, in za ku dawo daga hutu mai zuwa, kowa ya zo da ƙunshin ƙyalle ɗaya da littafi ɗaya. Mai son ganin namu bargon, ƙofar ɗakinmu a buɗe take, amma da sharaɗin ya zo mana da aron littafin da ba mu karanta ba.