Gasar Maris: an auna layi da tsayin taku, an bar ƙofa a hannun masu kuɗi

Jama'a, yau da masu shirya gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka nake. Masu cewa "mu ina ruwanmu" su yi haƙuri su wuce. Mu da muke hana idonmu barci duk watan Maris saboda gasar nan, wadda Hakeem Olajuwon ya yi suna a cikinta da rigar Houston, muna da ta cewa.

Ga yadda abin yake. A 2025 ƙungiyoyi 68 ne suka shiga babbar gasar NCAA. Kusan rabi suna shiga ne don sun ci kofin lig ɗinsu, sauran kuma wani kwamiti na mutum 12 ne ke zaɓo su, ya kuma jera kowa daga lamba 1 zuwa 16 a shiyyoyi huɗu. Waɗanda aka bari a baya, wasunsu su tafi NIT, gasar da aka fara a 1938, ta girmi ta NCAA ɗin ma da shekara guda, har NCAA ta saye ta a 2005.

To ita NIT ɗin nan ita suka mayar ɗakin gwaji. A 2015 a can aka gwada rage agogon jifa daga daƙiƙa 35 zuwa 30, kakar da ta biyo baya ya zama doka. A 2018 suka ja layin maki uku baya zuwa mita 6.75 irin na wasannin duniya, suka faɗaɗa filin ƙarƙashin kwando daga taku 12 zuwa 16, suka raba wasa kashi huɗu na minti goma-goma, suka ce idan masu kai hari sun sake cafke ƙwallon da ta bugi bakin kwando, agogo ya koma 20 maimakon 30. Layin da kuma daƙiƙa 20 ɗin duk sun zama doka a 2019. Ba ni da ja a kan wannan, gwajin ya yi amfani, wasa ya ƙara sauri, fili ya buɗe.

Tambayata ita ce: mutanen da ke da ƙarfin halin taɓa agogo da layi, me ya sa ba sa taɓa dokar da ta fi kowace muhimmanci, wato wa zai shiga, wa za a bari a waje?

Ku dubi 2024. Indiana State ta ci wasa 28, ta zo ta ɗaya a lig ɗinta, tana cikin talatin na farko a ma'aunin NET, ma'aunin da ita NCAA ɗin ta ƙirƙiro da hannunta a 2018. Wasa ɗaya ta faɗi a hannun Drake a ƙarshen kofin lig, shi ke nan aka rufe mata ƙofa. Aka ɗauki Virginia. Me Virginia ta yi? Maki 14 kacal ta ci kafin hutun rabin lokaci, Colorado State ta lallasa ta 67 da 42. Ita kuwa Indiana State ta je NIT ta kai har wasan ƙarshe, maki biyu ne suka raba ta da kofi.

Sai 2025. North Carolina ta buga wasa 13 na ajin farko, ɗaya tak ta ci. Aka ɗauke ta, aka bar West Virginia. Wane ne shugaban kwamitin zaɓe a shekarar? Bubba Cunningham, daraktan wasannin North Carolina ɗin. Wai ya fita daga ɗakin lokacin da ake maganar makarantarsa. Na yarda ya fita, ban ce ya yi maguɗi ba. Amma haba jama'a! Abokan aikinka ne a ciki, da su za ka ci abincin rana. Tuwona maina ke nan, ko da an yi shi da tsabtataccen hannu. Tsarin da ya sa mutum ya shugabanci shari'ar da gidansa ke ciki, shi ne abin zargi.

Kuma matsalar ta wuce mutum ɗaya. Kwamiti yana ƙirga nasarori a kan manyan ƙungiyoyi: a gidanka sai ka doke wadda ke cikin 30 na farko, a waje cikin 75 na farko. Ƙungiyar da ke babban lig kusan duk mako tana samun irin wannan dama, ta faɗi goma ta ci biyar, a ce ta yi ƙoƙari. Ƙaramar makaranta fa? Manyan ba sa son zuwa gidanta don tsoron kunya, sun fi son su biya ta kuɗi ta zo nasu filin. Daga baya a ce mata, ai ba ki doke kowa ba. Ka hana mutum shiga ɗakin jarrabawa, sannan ka ce bai ci ba. Ba mamaki lig ɗin SEC kaɗai ya kwashe gurbi 14 cikin makarantunsa 16 a 2025.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da aka yi wa NIT ɗin kanta. Da, duk wadda ta zo ta ɗaya a lig ɗinta amma ta faɗi a kofi, tana da kujera a NIT ba sai ta roƙa ba. A 2024 aka soke wannan, aka ware gurbi 12 ga manyan lig shida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su manyan kuwa, irin su St. John's da Oklahoma da Pittsburgh, suka ce ba sa zuwa, gasar ta yi musu kaɗan. An ƙwace daga bakin mai yunwa an miƙa wa wanda ya ƙoshi, shi kuma ya ture kwanon. Da aka sassauta a 2025, wa ya ci kofin? Chattanooga, ta doke UC Irvine. Ƙanana biyu a wasan ƙarshe.

Na san amsar da za ku kawo min a ƙasa: ai manyan sun fi iyawa, ga shi a 2025 duk masu lamba 1 ne suka kai zagayen huɗun ƙarshe. Gaskiya ne, kuma ban ce a hana Duke ko Florida matsayinsu ba. Rigimar tana kan kujerun ƙarshe ne, tsakanin ta goma a babban lig da ta ɗaya a ƙaramin lig. Kuma ku faɗa min tsakani da Allah, me kuke tunawa da gasar nan? UMBC mai lamba 16 da ta tumɓuke Virginia 74 da 54 a 2018. Saint Peter's da ta kori Kentucky a 2022. Fairleigh Dickinson da ta kunyata Purdue a 2023. Irin waɗannan dararen ne suka sa gidajen talabijin suka zuba dala biliyan 8.8 don riƙe gasar har 2032.

Yanzu kuma ana ta maganar ƙara ƙungiyoyi. Idan ba a gyara ma'auni ba, sababbin kujerun ma gidan manya za su tafi.

Tunda suna son gwaji, ga gwaji uku. Duk wadda ta faɗi fiye da rabin wasanninta na lig, kar a gayyace ta. Kowace babbar makaranta ta je gidan ƙarama aƙalla sau ɗaya a kaka. Wanda makarantarsa ke kan siraɗin shiga ko fita, ya sauka daga kwamiti a shekarar gaba ɗaya, ba fita shan iska na minti goma ba.

Magoya bayan North Carolina, na san kuna nan. Bismillah, fili naku ne, amma ku zo da alƙaluma, ban da zagi.